Haɗaɗɗen Aji ko Aji Ɗai-ɗai? Jagora ga Iyaye da Shugabannin Firamare a Katsina

Ranar wata Juma'a da yamma ƙanwata ta shigo gidana a Ƙofar Ƙaura da littafin rubutun ɗiyarta a hannu, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, duba mini wannan lamari. Wai an haɗa 'yan aji biyu da 'yan aji uku a ɗaki guda, malama ɗaya. In cire ta ko in bar ta?"

Na ce mata ba zan ce a cire ba, ba zan ce a bari ba, sai na ga ajin da idona. Ba gudun amsa nake ba. Na yi shekaru ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Daura, mu uku ne malamai, azuzuwa shida. Na ga haɗin da ya ɗaga yara, na kuma ga wanda ya cinye musu shekara guda ba su ƙaru da ko harafi ba. Abin da ya raba biyun shi ne: me yaro yake yi a lokacin da malami ya juya masa baya yana koyar da ɗaya rukunin? Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta gano wannan.

Mu fara sanin abin da ake zaɓa

Aji ɗai-ɗai shi ne wanda muka saba: 'yan aji ɗaya ɗakinsu daban da malaminsu, haka har aji shida, kowa ya wuce gaba a ƙarshen shekara. Haɗaɗɗen aji kuwa malami ɗaya ne yake riƙe yaran matakai biyu ko uku a ɗaki guda.

Haɗin iri biyu ne, kuma ba su da kama sai a suna. Akwai haɗin dole, inda malamai suka yi kaɗan, ko iska ta yaye rufin ɗaki, ko yaran aji biyar ba su fi tara ba. Akwai kuma haɗin niyya, inda makaranta ta zauna ta tsara cewa ƙarami ya koya daga babba, babba ya ƙara ƙwarewa ta hanyar nuna wa ƙarami. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, a kan wannan ta gina tsarinta: 'yan shekara 3 zuwa 6 tare, 6 zuwa 9 tare, 9 zuwa 12 tare. A ƙasar Kolombiya kuma, daga 1975, tsarin Escuela Nueva ya ɗauki makarantun ƙauye masu malami ɗaya ko biyu ya mayar da dolen nan ta zama tsari, ta hanyar ba yara littattafan da za su iya bi da kansu.

Mu nan ba baƙon abu ba ne. Shiga kowace makarantar allo a Katsina ko Daura ka gani. Kolo yana babbaƙu, na kusa da shi yana farfaru, titibiri yana biya allonsa, gardi yana can yana hadda, duk a gaban malami ɗaya. Babu wanda yake jiran wani. Wanda ya iya allonsa ya wanke, a ɗora masa gaba, kuma babba ne yake biya wa ƙarami. Abin lura shi ne kowane yaro allonsa yana hannunsa, ya san inda ya tsaya. Idan aka haɗa aji a makarantar boko ba a ba kowane yaro abin da zai zama masa allonsa ba, an ɗauki ɓawon an bar ƙwayar.

Akwai wani abu na uku da ba mu cika faɗa wa juna ba. Yawancin azuzuwan da muke kira ɗai-ɗai, haɗaɗɗu ne a ɓoye. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yaro ya shiga firamare yana shekara 6, amma a aji ɗaya za ka tarar da ɗan shekara 5 wanda ya fito rabin aji, da ɗan 9 wanda sai yanzu aka sa shi, da yarinyar da iyayenta suka taso daga wajen Batsari ko Jibiya saboda rashin tsaro, ta yi shekara biyu ba ta ga allo ba. Malami yana rubuta abu guda ga kowa, kamar duk tare suka fara. Saboda haka kada sunan aji ya kwantar maka da hankali.

Masu bincike ma sun auna. A 1995 wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara nazarce-nazarce sama da 50 daga ƙasashe daban-daban, ya tarar babu wani bambanci na a zo a gani a sakamakon karatu tsakanin tsarin biyu. Shekara ɗaya bayan haka Mason da Burns a Amurka suka ja hankali cewa shugabannin makarantu sukan zaɓi gogaggun malamai da yara masu natsuwa su sa a haɗaɗɗen aji, kuma hakan kan rufe wahalar da ke cikinsa. Ni na fi karkata ga wannan gargaɗin, domin a wurinmu sau da yawa ba zaɓa ake yi ba, wanda ya rage ake ba ajin.

Mataki na ɗaya: auna yaronka a gida

Kafin ka taka makaranta, ka san inda ɗanka yake tsaye, ba inda katin sakamako ya ce ba. Minti goma ya isa, bayan la'asar, ba tsawa ba bulala.

Rubuta haruffa goma a warwatse, har da ɓ da ɗ da ƙ, ya karanta. In ya wuce, ba shi gaɓoɓi: ba, ki, ɗo, tsu. Sannan kalmomi irin su tulu, rijiya, makaranta. Sannan layi huɗu na labarin da bai taɓa gani ba, ka tambaye shi wa ya yi me. A lissafi ya karanta lambobi irin 17 da 71, ya tara 26 da 18, ya ɗebe 27 daga 52. Wannan ta ƙarshe ita ke tona asiri, saboda sai an yi aro. Rubuta inda ya tsaya da kwanan wata, ka adana takardar. Za ka buƙace ta nan gaba.

Yaron da ke aji uku amma ya tsaya a gaɓoɓi, haɗa shi da 'yan aji biyu na iya zame masa rahama, domin zai sake jin abin da ya wuce shi ba tare da an ce ya maimaita aji ba. Yarinyar da ke karanta labari tsaf kuma, ita ce abin tsoro a haɗin da ba shiri, don za ta zauna tana jira.

Mataki na biyu: tambayi dalilin haɗin

Je wurin hedimasta da safe kafin a tashi tara, ka gaishe shi da mutunci, ka ce ka zo neman fahimta ne. Mutumin da ke riƙe azuzuwa shida da malamai uku ba shi ya jawo wa kansa ba. Ƙarancin malamai tsohon ciwo ne tun 1976 da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a cike giɓin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sake wajabta karatun shekara tara, ɗalibai suka ƙaru.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan haɗin na wannan zangon ne ko ya zauna?" Sannan ka nemi sanin yara nawa ne a rajista, nawa ke zuwa kullum. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35. A ganina haɗaɗɗen aji da ya haura wannan da nisa ya tashi daga koyarwa ya koma tsaro. Aji ɗai-ɗai mai yara 90 shi ma haka yake, kuma idan aka ce in zaɓa tsakaninsa da haɗaɗɗe mai yara 28 da malama mai himma, ba zan yi jinkiri ba, na biyun zan ɗauka.

Ka tambayi wa ke riƙe ajin. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma kwalejojinmu na Dutsin-Ma da na cikin Katsina suna yaye masu ita, amma takarda ba ta gaya maka ko mutum ya taɓa riƙe rukuni biyu lokaci guda. Tambayi shekarun da ya yi yana koyarwa, da ko shi zai ci gaba da ajin baɗi. Babban amfanin haɗaɗɗen aji shi ne yaro ya yi shekara biyu a hannu ɗaya, malami ya san halinsa ciki da waje. In ana canja malami duk zango, wannan amfanin ya tafi.

Idan makarantar kuɗi ce da ta rubuta Montessori a allon ƙofa, nemi a nuna maka kayan aikin da yara ke taɓawa da hannu da kuma inda malamar ta samu horon. In babu ko ɗaya, haɗin tsimin albashi ne, ka auna shi a matsayin haka.

Mataki na uku: zauna a cikin ajin

Gani ya kori ji. Wannan matakin shi ne zuciyar lamarin, kuma shi iyaye suka fi tsallakewa saboda nauyin malamai. Ba raini ba ne ka nemi izini ka zauna a bayan aji na darasi guda. Iyaye mata ma su je, sau da yawa sun fi mu lura. Zaɓi darasin lissafi ko karatu, kada ka zaɓi waƙa ko motsa jiki.

Kada ka kalli malami, kalli yaran da ba ya magana da su.

Bari in kwatanta yadda darasi mai kyau yake tafiya, a ce na minti 40. Malama ta buɗe da abin da ya haɗa kowa, misali kuɗi: ta zana naira 5, 10, 20 da 50 a allo, duka aji suka ambata. Minti biyar. Sai ta ce 'yan aji uku su juya bencinsu, ga tambayoyi shida da ta rubuta tun da safe a gefen allo na hagu: ka sayi ƙuli-ƙuli na naira 35 ka ba da 50, nawa ne canjinka? Suna yi, ita tana durƙushe gaban 'yan aji biyu da murafen kwalba da tsinkayen dawa ɗauri goma-goma, suna tarawa. Bayan kwata ɗaya ta bar wa ƙananan aikin cikewa a littafi, ta koma wurin manya ta duba, ta gyara wa wanda ya manta aro. Minti biyar na ƙarshe kowa ya dawo wuri ɗaya, wani ɗan aji uku ya fito ya nuna yadda ya samu 15. A duk tsawon darasin ba yaron da ya zauna hannu rabbana.

Wanda bai yi kyau ba kuwa na san shi, don a shekarata ta farko ni ma haka na yi kafin wani dattijon malami ya zaunar da ni ya nuna mini. Sai in koyar da rabin aji, in ce wa sauran su kifa kai a benci, ko in cika allo in ce su kwafa. Monita yana tsaye da tsumagiya yana rubuta sunayen masu surutu. Yaro ya zo makaranta awa biyar, ya samu karatun awa biyu. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, gaskiya ne, shi ya sa dole a tanadar wa ɗaya rukunin aiki tun kafin a shiga aji. Malamin da ya shigo bai rubuta komai ba, ajin ya riga ya kuɓuce masa.

Ga abubuwan da za ka riƙe a zuci kana zaune. Shin allon ya rabu, kowane rukuni da ɓangarensa? Shin zaman yara ya nuna rukuni, ko duk sun fuskanci gaba a cakuɗe? Yaron da ya gama aikinsa da wuri, ya san abin da zai ɗauka na gaba, ko sai ya fara tsokanar na kusa da shi? Akwai abin karantawa a ɗakin? Shirin RANA da UNICEF ta kawo jihohin Katsina da Zamfara ya samar da littattafan karatun Hausa da lissafi na aji ɗaya zuwa uku. Idan makarantar ta samu, duba ko suna hannun yara ko suna kulle a ofis. Haɗaɗɗen aji ba ya rayuwa sai da abin da yaro zai karanta shi kaɗai.

Ka kuma saurari yadda manya ke yi wa ƙanana. Taimako na minti goma, inda ɗan aji uku yake sauraron ɗan aji biyu yana karanta layi, yana amfanar duka biyun. Amma na sha ganin yarinya mai ƙoƙari an mayar da ita 'yar raino: ita ce mai kai ƙanana bayan gida, mai share hawaye, mai tsaron aji in malami ya fita. A gida raino, a makaranta raino. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin irin waɗannan yaran ne ya kamata a tura gaba. Idan ɗiyarka ce babba a ajin, ka tambaye ta da dare, "Yau me Malama ta koya miki ke kanki?"

Duk wannan dubawar ka yi ta a aji ɗai-ɗai ma. A can tambayar ita ce: yaran layin baya da ba su iya karatu ba, akwai wanda ya leƙa littafinsu?

Mataki na huɗu: littafin rubutu da jadawali

Karɓi littattafan yara biyu daga matakai daban a ajin, ka buɗe lissafin rana ɗaya. Idan aikin iri ɗaya ne sak, ba haɗaɗɗen aji ake yi ba, an mayar da wani baya ne ko an ja wani da ƙarfi. Duba jan biro: yaushe aka yi maki na ƙarshe, kuma an gyara kuskure ko an ja layi kawai?

Darussa ba ɗaya suke ba wajen haɗi. Lissafi da karatu da Turanci tsani ne, ba a hawa na uku sai an taka na biyu, don haka dole kowane rukuni ya samu nasa. Amma darasin zamantakewa, kimiyya, addini, tsafta da noma ana iya koyar da su tare, a juya su a shekara biyu: bana a yi batutuwan aji huɗu, baɗi na aji biyar. Wannan yana rage wa malami nauyi sosai. Sharaɗinsa a rubuta, a ajiye. Tambayi malami, "Allah gafarta Malam, baɗi in ya zama babba a wannan ajin, me zai koya wanda bai koya bana ba?" Idan ya buɗe littafi ya nuna maka, ka samu malami. Idan babu amsa, akwai yiwuwar ɗanka ya maimaita sassan tsiro da sunayen ƙananan hukumomi 34 na jiha shekara biyu a jere.

Mataki na biyar: halin yaron da halin gidan

Yaro mai kunya wanda ba ya sakin jiki da wuri yakan ji daɗin zama da malami ɗaya shekara biyu. Wanda ya shiga makaranta a makare, ko almajirin da aka sa boko yana shekara 11, ya fi samun sauƙi inda tsawo da shekaru suka bambanta, ba a nuna shi a ce ga ƙaton aji ɗaya. Wanda hankalinsa ke tashi da ƙaramin motsi kuwa, darasi biyu a ɗaki guda yana wahalar da shi, ya fi dacewa da aji ɗai-ɗai in ba cunkoso. Haka mai raunin ji ko gani.

Wa da ƙane a aji ɗaya abu ne da sai iyaye sun duba da kansu. Wani ƙanen yana samun ƙarfin gwiwa, wani kuma ya laɓe bayan yayansa ya daina magana. Idan ƙaramin ya fi babban kaifin kai, a kula ƙwarai, gori a gida yana kashe zuciyar yaro.

Sai zuwa makaranta. A ƙauyukanmu yaro yana ɓacewa lokacin shuka da noman farko da girbi, da ranar kasuwa. A aji ɗai-ɗai, in ya dawo an wuce shi, shi ke nan. A haɗaɗɗen aji mai tsari yana komawa rukunin da ya dace ya ɗora daga inda ya tsaya. A Kolombiya ma don yaran da ke tafiya girbi aka sassauta tsarin wucewa aji. Makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1989, irin wannan matsalar suke fama da ita.

Nisa ma abin lissafi ne. Kada ka ɗauke ɗan shekara 6 daga haɗaɗɗen aji na bayan gida ka tura shi tafiyar awa guda a ƙafa don kawai can azuzuwa a rabe suke. Gajiya da makara da fashi za su cinye ribar.

Ga hedimasta da kwamitin makaranta: wane aji da wane?

Idan haɗin ya zama dole, a yi shi da lissafi, ba a haɗa duk azuzuwan da malaminsu bai zo ba.

Shawarata ta farko, a bar aji ɗaya shi kaɗai matuƙar akwai hali, a kuma ba shi malamin da ya fi kowa haƙuri da iya koyar da karatu. Waɗannan yaran ba su iya riƙe fensir ba, balle a ce su yi aiki su kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya fita aji ɗaya yana haɗa baƙi, duk haɗin da aka yi masa a gaba zai iya da shi.

Manhajar ƙasa ta raba firamare gida biyu, aji 1 zuwa 3 da aji 4 zuwa 6, kuma a da an daɗe ana bin tsarin koyarwa da harshen gida a farko, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Saboda haka haɗa uku da huɗu ya fi wuya, don an ƙetare iyaka. Mai malamai huɗu ya raba haka: aji ɗaya shi kaɗai, biyu da uku, huɗu da biyar, sai shida ita kaɗai saboda jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Mai uku ya duba rajista. A yawancin ƙauyuka manyan azuzuwa sun fi ƙarancin yara, don haka ɗaya ita kaɗai, biyu da uku, sannan huɗu zuwa shida. Mu haka muka yi, kuma ni na riƙe na saman. A zango na biyu nakan tsaya da 'yan aji shida rabin awa bayan an tashi.

A makon farko a gwada kowane yaro irin gwajin da na bayyana a sama, a raba rukunin karatu bisa abin da ya iya, ba bisa ajinsa ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da wannan hanyar ta koyar da yaro daga inda yake. A ba rukunonin sunaye irin su Tauraro da Wata, kada a ce na masu ƙoƙari da na daƙiƙai, kuma a sake gwaji duk bayan 'yan makonni don yaro ya ga yana hawa. Rajista da katin sakamako kuwa kowane yaro ya ci gaba da zama a ajinsa na asali.

Kayan aiki ba sai an jira gwamnati ba. Kwalin sabulu da aka yanka ya zama katin tambaya, a rubuta amsa a baya, a zuba a gwangwani uku bisa wahala. Bango a shafa masa baƙin fenti daga ƙasa, daidai tsayin yaro, ya zama allon kowa. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, yana iya tara kuɗin fenti da alli, yana kuma iya samo matashi mai NCE da ke zaune a gari ya riƙa taimakawa. Amma kada wannan ya hana a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da adadin yara aji-aji da sa hannun mai unguwa, a nemi ƙarin malami daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. A ajiye kwafi, a sake rubutawa in an ji shiru. Kuma a tara iyaye a gaya musu tun kafin su ji a bakin yara.

Bayan ka zaɓa

Ka ba tsarin mako shida zuwa takwas, sannan ka ɗauko takardar nan da ka adana ka sake gwada yaron da sababbin kalmomi da lambobi. Wanda ya tsaya a gaɓoɓi ya kamata ya fara haɗa kalma. Wanda aro ya gagara ya kamata ya fara kamawa. In ba motsi, koma wurin malami da takardun biyu a hannu, ka ce, "Malam, ga inda yake da, ga inda yake yanzu, ta ina zan taimaka daga gida?" Magana da shaida a hannu ta fi ƙorafi a majalisa tasiri. Ka kuma lura da yaron kansa: ciwon cikin da ba ya zuwa sai da safen ranar makaranta, fensir da kuɗin tara da ke ɓacewa kullum, alamu ne cewa wani babba yana takura masa.

Idan zango ya ƙare ba canji, kuma akwai wata makarantar da ka zauna a ajinta ka gamsu, ka mayar da shi, amma ka bari sai farkon shekarar karatu in ba cutarwa ake yi masa ba. Ka karɓi takardar canjin makaranta, da katin sakamako, da jerin batutuwan da aka koyar, musamman in ana juya darussa shekara biyu, don sabon malami ya san abin da bai gani ba.

Ƙanwata ta je ta zauna a ajin ranar Talata. Ta ce yara 31 ne, allon a rabe, kuma da malamar ta koma wurin 'yan aji uku, ɗiyarta ta tashi da kanta ta ɗauko kati daga gwangwani ta zauna tana yi. Ta bar ta. Mun ajiye takardar gwajin a cikin jakar katin rigakafi, za mu sake fito da ita kafin hutun zango.